Sashe na 38 da wanda ya ce ba shi da addini: inuwar ta kai kansa?

Nafisa_Dundaye:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Tambaya ce ta doka zalla, don Allah kada a mai da ita wa'azi ko zage-zage. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 shi muke kira sashen 'yancin addini. To mutanen da suka ce su ba su da addini sam, amma suna da ƙungiya, suna da shugabanni, suna taro, suna da abin da suke kira aƙidarsu, irin 'yan Humanist (masu dogaro da hankalin ɗan'adam maimakon addini) da mulhidai, sashen ya shafe su? In ya shafe su, ta wace ƙofa, a matsayin addini ko a matsayin wani abu dabam? Ni dai a ganina wanda ya ce ba shi da gona bai kamata ya zo layin rabon taki ba. A gyara min in na kauce.

Barista_Mabera:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, sunan da muka laƙaba wa sashen ne ya ɓatar da ke. Buɗe ki sake karanta shi a tsanake. Abu uku ya jera: 'yancin tunani, da na lamiri, da na addini. Addini ne na uku. Daga nan ya ce wannan ya haɗa da 'yancin mutum ya sauya addininsa ko aƙidarsa, da 'yancin ya bayyana kuma ya yaɗa addininsa ko aƙidarsa, shi kaɗai ko tare da wasu, a fili ko a keɓe. Sau biyu aka maimaita "addini ko aƙida". Ba a ɗaukar kalma a kundin tsarin mulki a matsayin ado, da abu guda ne da ba a raba su da "ko" ba. Kuma tun shari'ar Nafiu Rabiu a 1980 Kotun Ƙoli ta ce da faɗi ake fassara kundin, ba a ƙuntata shi sai in nassin da kansa ya tilasta. Saboda haka ba sai mutum ya kira abin da yake kai addini ba kafin inuwar sashen ta kai kansa. Takin ba na masu gonar addini kaɗai ba ne.

Malam_Kanwuri:
Barista, Allah shi ƙara basira, amma ida karanta jimlar. An ce a bayyana ta hanyar ibada, da karantarwa, da aiki, da kiyaye hukunce-hukunce. Waɗanga huɗu duk ayyukan mai addini na. Wanda yac ce babu abin bauta, wace ibada za shi bayyanawa? Kuma kalmar da kunka fassara da aƙida, mu wurinmu aƙida cikin addini take, ita at tushenai. Ina ganin abin da anka nufa shi na bambancin da ke cikin addini guda, awa ɗan ɗarika da ɗan Izala, ko ɗan Katolika da wanda ba shi ba.

Dr_Wurno:
Allah gafarta Malam, hujjar tana da nauyi, amma asalin nassin ya warware ta. Ba a Legas aka ƙirƙiro waɗannan kalmomi ba. Kwamitin Willink da ya binciki koken ƙananan ƙabilu a 1958 shi ya ba da shawarar a sa babin haƙƙoƙi a tsarin mulki, aka kwaso shi kusan kalma da kalma daga Yarjejeniyar Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam ta 1950. Sashenmu na 38 jikan sashe na 9 na waccan yarjejeniya ne, ya biyo ta kundin 1960 da 1963 da 1979. Kotun da ke fassara yarjejeniyar kuwa, a shari'ar Kokkinakis da ƙasar Girka ta 1993, ta ce wannan 'yanci kadara ce ga masu imani, kuma kadara ce ga mulhidai da masu shakka da waɗanda ba su damu da addini ba. Abin lura, mai ƙarar a wannan shari'a mai wa'azi ne, ɗan Shaidun Jehobah da aka hukunta kan jawo mutane addininsa.

A shekarar dai, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke lura da yarjejeniyar haƙƙoƙin farar hula da siyasa ya fitar da sharhinsa mai lamba 22, inda ya ce sashe na 18 ya kare mai imani da Allah, da mai aƙidar da babu batun Allah a cikinta, da mai musun samuwarsa, da wanda ya ce shi bai ɗauki ko ɗaya ba. Batun ayyuka huɗun nan kuwa, ba sharaɗi ba ne a haɗa su duka. Wanda ba ya ibada yana karantarwa, yana kuma aiki da abin da ya yarda da shi.

Barista_Mabera:
Dakta, a ƙara da cewa duk waɗannan na jan hankalin alƙali ne kawai, ba su ɗaure shi ba. Najeriya ta shiga waccan yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1993, amma sashe na 12 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Wadda aka mai da doka ita ce Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummomi, kuma shari'ar Abacha da Fawehinmi ta 2000 ta tabbatar da matsayinta. Sashe na 8 nata da 'yancin lamiri ya fara kafin ya ambaci addini. Wanda zai rubuta wa kotu jawabi, da wannan zai fara, ya bi da shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, wadda Kotun Ƙoli ta yi bayani a ciki cewa baligi yana da ikon tsara rayuwarsa bisa abin da ya yarda da shi, matuƙar babu dalili na doka da zai hana. Na Turai a sa su daga baya.

Dan_Illela:
To shi ke nan kowa ya samu. Gobe wani ya ce aƙidarsa ta hana shi biyan haraji, jibi wani ya ce tasa ta hana shi sa hular kwano a kan babur. Ina iyakar abin?

Dr_Wurno:
@Dan_Illela tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, me ya cancanci a kira shi aƙida. Ta biyu, in ya cancanta, ko yana ɗauke wa mutum bin doka. Ta biyun gajera ce: a'a, haraji da hular kwano suna nan daram, ko mai addini bai tsira daga gare su ba.

Ta farkon ce kotuna suka sha wahala a kai. A Turai ma'aunin ya fito ne daga shari'ar Campbell da Cosans ta 1982, wasu iyaye mata biyu a Sikotilan da suka ƙi yarda a doki 'ya'yansu a makaranta. Kotu ta ce ra'ayi yana zama aƙida ne idan yana da ƙarfin hujja, da gaske ake yinsa, sassansa suna riƙe da juna, kuma ya shafi abu mai muhimmanci. A Ingila wata kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata ta faɗaɗa shi a shari'ar Grainger ta 2009: dole ya zama mutum ya yarda da abin har zuci, kada ya zama ra'ayin da zai sauya gobe in sabon bayani ya zo, ya taɓa wani babban ɓangare na rayuwar ɗan'adam, kuma kada ya ci karo da mutuncin ɗan'adam ko haƙƙin wasu. Mutumin da aka yi shari'ar a kansa aƙidarsa kan sauyin yanayi ce. Da wannan ma'aunin aka karɓi aƙidar masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba a 2020.

Amurka matsalarta dabam ce, kuma a nan ɗalibai ke ruɗewa. Gyaran farko na kundinsu kalmar addini kaɗai ya ambata, babu lamiri, babu aƙida. Dole ta sa alƙalansu suka riƙa miƙar da kalmar kamar danƙo. A 1961, shari'ar Torcaso: an naɗa mutum mai shaida takardu a jihar Maryland, aka ce sai ya furta ya yarda da Allah, ya ƙi, Kotun Ƙoli ta ce jiha ba ta da ikon gindaya wannan sharaɗi. A wani ɗan bayani na ƙasan shafi ne kotun ta lissafa aƙidar Humanist cikin addinan da ba su koyar da samuwar Allah, kuma har yau ana jayayya kan nauyin wannan ɗan bayani. A 1965, shari'ar Seeger kan ƙin shiga soja, aka ce aƙidar da ta cike wa mutum gurbin da Allah ke cikewa a zuciyar mai imani ta wadatar. A 1970 aka zo kan Welsh, wanda da hannunsa ya soke kalmar addini a fom ɗin da aka ba shi, duk da haka kotu ta karɓe shi. Amma a 1981 wani fursuna ɗan wata ƙungiyar baƙar fata mai suna MOVE ya nemi a riƙa ba shi ɗanyen abinci zalla a gidan yari, kotun ɗaukaka ƙara ta ce abin nasu falsafar zaman duniya ce, ba addini ba, ta kori ƙararsa. Mu duk wannan miƙe-miƙe bai kama mu ba, tunda kalmar da suka rasa tana cikin namu nassin.

Umar_RunjinSambo:
Akwai kuma tarko ga duk wanda ya dage sai an kira shi addini. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. In rashin addini addini ne, to ranar da manhajar makaranta ta koyar da asalin halittu ba tare da ambaton Mahalicci ba, iyaye za su iya cewa gwamnati ta ɗauki addinin mulhidai. An gwada haka a jihar Alabama a 1987, wani alƙali ya haramta littattafan makaranta 44 da wannan hujja, kotun sama ta rushe hukuncin a cikin shekarar. Wuƙa ce mai baki biyu.

Malam_Kanwuri:
Tunda an ambaci sashe na 10, a daina ce muna Najeriya ƙasar ilmaniyya ta, wato wadda ba ruwanta da addini. Kalmar babu ta cikin kundin ko wuri guda. Farkon kundin ma cewa yay yi ƙasa ɗaya ƙarƙashin Allah. Ga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a sashe na 275, ga hukumar alhazai, ga hutun Sallah da na Kirsimeti.

Umar_RunjinSambo:
Gaskiya ne Malam, kalmar ba ta ciki, kuma da gangan aka bar ta tun rikicin majalisar tsara kundi ta 1978. Amma rashin kalmar bai rage wa sashe na 38 komai ba. Jamus ma farkon kundinta ya ambaci Allah, ga shi ta daidaita ƙungiyoyin falsafar rayuwa da na addini a doka.

Admin_Zaure:
Muhawarar ko Najeriya ta addini ce ko ba ta addini ba ta ci mana mako guda a baya. A koma kan tambayar Nafisa.

Hajiya_Arkilla:
Bari in sauko da maganar ƙasa, wato rajista. Ƙungiya irin wannan ba ta buƙatar cewa ita ta addini ce. Dokar kamfanoni ta 2020, daga sashe na 823, ta ba da damar yi wa amintattu rajista don manufar addini, ko ilimi, ko adabi, ko kimiyya, ko zamantakewa, ko al'adu, ko wasanni, ko jinƙai. Ilimi da zamantakewa sun ishe su. Ana fara neman amincewar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kan suna. Sai a kawo amintattu aƙalla biyu, kowanne ya kai shekara 18, mai hankali, ba wanda aka ayyana ya karye da bashi ba, ba kuma wanda aka hukunta kan zamba cikin shekara biyar da suka wuce ba. A haɗa da kundin ƙungiya, da rahoton taron da aka naɗa amintattun, da sharaɗin nan na cewa kuɗin ƙungiya ba a raba wa mambobi. Sai a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai yi suka.

Inda abin ke lalacewa wuri biyu ne. Na ɗaya suna, domin hukuma tana da ikon ƙin sunan da ta ga bai dace ba ko ya saɓa wa maslahar jama'a, kuma a nan ake yawan maƙalewa. Na biyu manufofi. In aka rubuta "yaƙi da addini" a matsayin manufa, an miƙa wa mai suka sanda. In aka rubuta yaɗa tunani na kimiyya da taimakon mambobi, da wuya a samu abin kamawa. Ƙungiyar Humanist ta Najeriya da ta mulhidai duk sun samu rajista a 2017, ta farkon bayan shekaru tana nema. A Kenya an yi wa ta mulhidai rajista a 2016, aka dakatar da ita bayan koken shugabannin addini, babbar kotu ta soke dakatarwar a 2018.

Barista_Mabera:
Hajiya ta taɓo abu babba. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta iya kai ƙara da sunanta, sai dai mambobi su kai da sunayensu. Ga kuma wani lungu da ba a cika lekawa ba: ƙaramin sashe na 4 na sashe na 38 ya cire ƙungiyar asiri daga kariya, sashe na 318 kuma cikin siffofin ƙungiyar asiri ya lissafa wadda jama'a ba su san ayyukanta ba, ana ɓoye sunayen mambobinta, ana taronta a ɓoye. Mutanen da tsoro ya sa suke ɓuya, lauyan gwamnati mai wayo zai iya jefa su cikin wannan ma'ana. Takardar rajista ita ce amsar da ta fi sauri.

Tsohon_Magatakarda:
Ni ta wajen rantsuwa zan shigo, domin nan ne talaka ke cin karo da wannan magana ido da ido. Shaida ya shiga akwati, ana tambayarsa da me zai rantse. Musulmi Alƙur'ani, da alwala. Kirista Baibul. Mai bin gargajiya wani lokaci ƙarfe. Wanda ya ce ba ko ɗaya, sai ya ɗaga hannu ya yi alkawarin faɗin gaskiya, magatakarda ya rubuta cewa tabbatarwa ya yi, ba rantsuwa ba. Dokar Shaida ta 2011 sashe na 205 ta yarda da duka biyun. Sashe na 207 ya ce in mutum ya riga ya rantse daga baya aka gane ba shi da addini, rantsuwar ba ta ɓaci ba. Sashe na 208 ya ba kotu damar karɓar shaidar wanda addininsa ya hana rantsuwa ko wanda ba shi da addini, amma a rubuta dalilin a littafin kotu. Hukuncin shaidar zur ɗaya ne. Kuma ba sai mutum ya tona cikinsa ba, don Musulmi da yawa ma tabbatarwa suke zaɓa saboda girman Alƙur'ani. Rantsuwar kama aiki ma haka take, sashe na 318 ya ce rantsuwa ta haɗa da tabbatarwa.

Malam_Kanwuri:
Wanga a babbar kotu da majistare na, Alhaji. A kotun Shari'a, shaida sai adali.

Tsohon_Magatakarda:
Haka ne Malam. Sashe na 256 na Dokar Shaida ya ware shari'o'in da ba na laifi ba a irin waɗannan kotuna, can ƙa'idar Malikiyya ke aiki.

Dan_Illela:
Kuna ta zagaye-zagaye. In kariyar gaskiya ce, me ya kai Mubarak Bala kurkuku?

Barista_Mabera:
Ga yadda ta kasance. Shi ne shugaban ƙungiyar Humanist ta Najeriya a lokacin. An kama shi a Kaduna ranar 28 ga Afrilun 2020 bisa koken wasu lauyoyi kan rubuce-rubucensa a Facebook, aka kai shi Kano. A Disambar 2020 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce tsare shi ya saɓa doka, ta ba da umarnin a sake shi, ba a bi ba. A Afrilun 2022 ya amsa tuhuma 18 a Babbar Kotun Jihar Kano, aka yanke masa shekara 24. A Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa biyar. Tuhumar ƙarƙashin sashe na 210 da na 114 na Final Kod (dokar laifuka) ɗin Kano ce, wato cin mutuncin addini ta yadda zai iya tada fitina, da tunzura jama'a. Babu tuhuma ko ɗaya ta barin addini, kuma ba a kotun Shari'a aka yi ba. Amsa laifin da ya yi ya sa ba a gwada sashe na 210 da sashe na 38 a gaban alƙalin ba, don haka shari'ar ba ta zama madogara kan tambayar Nafisa ba.

Malam_Kanwuri:
Madalla da ka faɗi haka. Tun 2014 yab bayyana matsayinai, hukuma ba ta kama shi ba sai da yat taɓa abin da mutane ka mutuwa a kai. Rashin imani daban, ɓatanci daban. Kuma dokokin Shari'a na laifuka da jihohinmu sunka rubuta daga 2000 ba su sa ridda cikin laifukan da ake hukuntawa ba, sashe na 36 kuma ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuce yake ba.

Dr_Wurno:
Rabewar daidai ce a takarda, Malam, amma layin ba shi da kauri. Sashe na 38 ya ba da 'yancin yaɗawa. Mai addini in ya yi wa'azi, a cikin maganarsa akwai cewa wancan ɗin ɓata ne, kuma ba a kama shi. Mulhidi kuwa kusan duk abin da zai yaɗa musu ne na abin da wani ke tsarkakewa. To a ina musu ya ƙare, zagi ya fara? Sashe na 210 bai faɗa ba, ya rataya abin ne a kan yiwuwar tashin fitina, wato a kan yadda masu sauraro za su ɗauka. Da wannan dalili kotun ECOWAS a Afrilun 2025 ta ce sashen ya yi duhu da yawa, ta ce shi da sashe na 382(b) na dokar Shari'a ta Kano sun saɓa wa Yarjejeniyar Afirka. Sai dai Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2022, a shari'ar Yahaya Sharif-Aminu, mawaƙin da kotun Shari'a ta hukunta kan ɓatanci, alƙalai biyu cikin uku sun ce dokar Shari'ar Kano ba ta saɓa wa kundin tsarin mulki ba, aka wuce Kotun Ƙoli da maganar.

Umar_RunjinSambo:
Duk faɗan a sashe na 45 yake. Ya halatta dokar da ta taƙaita sashe na 37 zuwa 41 saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a, ko haƙƙin wasu, da sharaɗin ta zama abin da hankali zai karɓa a ƙasar dimokuraɗiyya. Abu biyu a lura. Doka aka ce, ba umarnin DPO ko na shugaban makaranta ba. Sannan namu ya fi na waje faɗi: a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya bayyanawa kaɗai ake iya taƙaitawa, abin da ke zuci ba a taɓa shi, namu kuwa bai raba ba. Kuma batun zaman lafiya ba tatsuniya ba ce a garin nan. Kowa ya tuna Mayun 2022 a nan Sakkwato, da taron jama'a ya kashe ɗaliba Deborah Samuel bisa zargin ɓatanci, har sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24.

Barista_Mabera:
Umaru, wannan misali ya fi nuna gazawar hukuma wajen sashe na 33, haƙƙin rayuwa. Ɗaukar doka a hannu laifi ne a Final Kod da Shari'a duka, kuma Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da shi a lokacin. In barazanar taron jama'a ce ma'aunin abin da za a hana faɗa, to wanda ya fi iya tara mutane shi ke rubuta doka.

Malama_Rabi_GawonNama:
Ku dawo makaranta. Ƙaramin sashe na 2 na sashe na 38 ya ce ba a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko halartar ibada ta addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ga yaron da iyayensa ba su da addini, kowane darasin addini ya faɗa cikin wannan. Hanya ita ce uba ko mai riƙo ya rubuta wa shugaban makaranta, ya ambaci sashen, ya nemi a ba yaron wani darasi a madadin, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Matsalar ita ce jadawali, sau da yawa darasin addinin Musulunci da na Kirista ne kawai a wannan sa'a, sai yaron ya ƙare a baranda. Inda ta fi wuya shi ne yaro ɗan shekara 16 ya ce ya bari, iyaye kuma Musulmi. Nassin ya ambaci nasa, ya kuma ambaci yardar iyaye, bai ce wanne ke gaba ba.

Nafisa_Dundaye:
Na karɓi gyara kan taki. Amma Malam da Barista, aure da gado fa? Nan nake ganin kariyar ba ta kai ba.

Malam_Kanwuri:
Ɗiyata, nan kam ba ta kai ba. Saɓanin addini yana hana gado, hadisi na ingantacce, kuma a Malikiyya ridda tana raba aure. Duba sashe na 277. Hurumin gado da wasiyya da kyauta da waƙafi an rataya shi ga addinin mamaci ko mai bayarwa, ba ga addinin magaji ba. Uba Musulmi ya rasu, da Shari'a za a raba, ɗan da yab bari ba shi da rabo. Auren da anka ɗaura bisa Shari'a kuma ita ka warware shi.

Barista_Mabera:
Kan hurumi na yarda. Kan sakamako, akwai abin cewa. Sashe na 42 ya hana doka ta tauye ɗan ƙasa saboda addini, kuma da shi Kotun Ƙoli ta rushe al'adar hana 'ya mace gado a shari'ar Ukeje ta 2014. Lauya zai iya ɗauko wannan. Amsar da za a ba shi ita ce kundin da kansa ne ya amince da dokar iyali ta Musulunci, kuma sashe ba ya cinye ɗan'uwansa. Ni ina ganin amsar ta fi ƙarfi. Mafita a aikace ita ce kyauta tun uba yana raye, a kuma miƙa ta hannu da hannu, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu ta koma gado.

Sabon aure kuwa yana da hanya: ofishin rajistar aure, a ba da sanarwa, ta yi kwana 21 a allo, a ɗaura cikin wata uku, shaidu biyu, ƙofa a buɗe, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Abin da ƙungiyarsu ba ta da shi shi ne ikon ɗaura aure da kanta, don Dokar Aure wuraren ibada masu lasisi ta sani. A Sikotilan an ba 'yan Humanist wannan iko tun 2005.

Hajiya_Arkilla:
Barista, in an tauye mutum, ta ina zai fara? A faɗa wa masu karatu a ɓoye.

Barista_Mabera:
Sashe na 46, Babbar Kotu a jihar da abin ya faru, bisa ƙa'idojin tabbatar da haƙƙoƙi na 2009. Ba a neman izinin kotu tukuna, kuma daɗewa ba ta kashe ƙarar. Ana shigar da buƙata tare da bayanin abin da ake nema da dalilai, da takardar rantsuwa, da rubutaccen jawabi. In mutumin yana tsare, wani da ya san lamarin zai iya rantsewa a madadinsa. Wanda ake ƙara yana da kwana biyar ya mai da martani. Abin da ya fi kashe irin wannan ƙara shi ne a shigo da rikicin kora daga aiki ko na gado a sa masa rigar haƙƙin ɗan'adam. Tun shari'ar Tukur ƙa'idar ita ce tauye haƙƙin ya zama shi ne uwar ƙara, in reshe ne kotu za ta ce ba ta wannan ƙofa ba.

Dan_Illela:
Umarnin kotun Abuja na 2020 ma ai ta wannan ƙofa ya fito, kuma kun ce ba a bi ba.

Tsohon_Magatakarda:
Wannan kuma babin raina umarnin kotu ne. Fom na 48 a fara kai wa wanda ya ƙi bi, da kwafin umarnin a jiki, hannu da hannu. In ya ci gaba, fom na 49, ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a tura shi gidan gyaran hali. Yawanci a wajen kai takardar ake faɗuwa, a bar ta wurin sakatare maimakon a damƙa wa mai sunan, lauyansa ya zo ya ce ba a kai masa ba, a koma farko.

Malama_Rabi_GawonNama:
Har yanzu ba wanda ya amsa min batun ɗan shekara 16. Dr_Wurno, in ka dawo daga masallaci ina jira.